Tarihin Masu Ɗaukar Hoto a Fagen Fama, Daga Kusuri Zuwa Bakin Iyakar Maraɗi

Duk wanda ya san unguwar Sabon Gari ta Maraɗi, wadda aka yanka filayenta bayan ambaliyar gulbi ta shekarar 1945 ta tilasta wa mutanen tsohon gari hawa tudu, ya san cewa a wurinmu sana'ar mai hoto sana'ar ranar farin ciki ce, domin shi ake kira ranar suna da ranar ɗaurin aure, shi yake tsayawa bakin hanya ranar hawan salla yana jiran dawakin Sarkin Katsina, a ƙofarsa kuma maniyyata suke zama suna jiran hoton fasfo, har ya zama da zarar an hangi mutum rataye da kyamara sai kowa ya gyara zaman hularsa. Amma sana'ar tana da wani reshe wanda ma'abotansa suke nufar wurin da kowa yake gudu daga gare shi, su tsaya tsakanin mai harbi da wanda ake harbi, su komo da abin da idonsu ya gani a kulle cikin akwati. Kuma tarihin wannan reshe a ƙasashenmu, daga Gobir da Katsina har Barno, ya fi tsawo, ya kuma fi ɗaci, bisa ga yadda yawancinmu muke zato.

Kafin zuwan kyamara, yaƙe-yaƙen wannan kwari ba su da ma'aji sai bakin maroƙi da alƙalamin malami. Katsinawan da suka kafa Maraɗi bayan jihadi ya fitar da su daga birninsu, da Gobirawan da suka kafa Tibiri bayan karon Gawakuke na shekarar 1836, sun ƙare mafi yawan ƙarni na 19 bisa sirdi, suna kai hari ana kawo musu, amma babu wanda ya san kamannin sarakunan Maraɗi irin su Ɗan Kasawa ko Ɗan Baskore sai ta kirarin da ya wanzu a bakin makaɗa. Maroƙi kuwa, kome gwanintarsa, jarumin da ya ci nasara yake wasawa, ba aikinsa ba ne ya ƙidaya talakawan da dawaki suka tattake a gona. A cikin wannan zamani ne wani Bature mai suna Roger Fenton ya tafi yaƙin Kirimiya a shekarar 1855 da keken doki cike da allunan gilashi da magungunan wanke hoto, kuma da yake na'urar lokacin ba ta kama abin da yake motsi, sai ya komo da hotunan hafsoshi a tsaye da na filayen da aka riga aka gama faɗa a cikinsu. A 1862 aka baje wa jama'ar Amurka hotunan gawawwakin fagen Antietam, mutanen da ba su taɓa jin ƙarar igwa ba suka ga aikin da igwa take yi.

Ƙasarmu ta haɗu da yaƙin Turawa cikin mafi munin surarsa. A shekarar 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin kyaftin Voulet da kyaftin Chanoine ta taso daga bakin Kwara ta nufi tafkin Cadi, ta yi karo da Sarauniya a Lugu cikin watan Afrilu, ta yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni cikin watan Mayu, ta ratso ƙasar Gobir da ta Maraɗi tana ƙone garuruwa tana barin gawa a bakin rijiyoyi, har ta kai kusa da Tasawa, inda Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb, wanda gwamnatinsu ta aiko ya karɓe rundunar, ranar 14 ga Yuli, kafin sojojinsu su juya musu su kashe su duka biyu cikin 'yan kwanaki. Kaburburansu suna nan a Maijirgi. Labarin wannan ta'asa ya isa Faransa ne ta wasiƙar da wani laftanan mai suna Péteau, wanda aka kora daga rundunar, ya rubuta wa matar da zai aura, sa'an nan ta rubuce-rubucen da Klobb ya bari na abin da ya tarar a hanya. Har yau kuwa masana suna saɓani a kan adadin waɗanda aka kashe a Ƙonni, domin shaidun da suka ga abin da idonsu ba a nemi shaidarsu ba sai bayan sun tsufa ko sun ƙare.

Amma ranar da ake son a nuna nasara, an sami kyamara. Ragowar wannan runduna ita ce ta ci Damagaram, ta wuce gabas ta haɗu da wasu rundunoni biyu a Kusuri, inda aka kashe Rabe, mayaƙin da ya ci Barno, ranar 22 ga Afrilu 1900, aka yanke kansa, aka ɗauki hotonsa, hoton ya tafi Faransa ya yaɗu, yana nan kuma cikin littattafai har gobe. Bayan shekara uku, da Ingilishi suka ci Kano suka ci Sakkwato, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru da jama'ar da suka yi hijira tare da shi har Burmi, inda ya yi shahada ranar 27 ga Yuli 1903, marubuta tarihi sun ruwaito cewa an yi wa gawarsa irin abin da aka yi wa ta Rabe, aka ɗauki hoto, aka yi ta nuna shi a garuruwan Arewa domin kowa ya sakankance cewa al'amarin ya ƙare, kada wani ya ƙara ɗaura niyyar bin sawunsa. Fuƙaha'unmu suna kiran irin wannan aiki musla, watau cin zarafin gawa, sun kuwa haramta shi ko da a kan abokin gaba a tsakiyar yaƙi. Abin da kyamara ta ƙara shi ne ta mai da wulaƙancin yini ɗaya ya zama mai dawwama, ana sake aikata shi duk sa'ad da aka buɗe shafin. Ina ganin ƙyamar da magabatanmu suka daɗe suna yi wa hoto, ban da mas'alar halacci ko haramcin sura wadda malamai suka yi ta tattaunawa, tana da wani asali a nan, gama mutanen da suka fara ganin wannan na'ura a hannun wanda ya ci su da yaƙi suna da hujjar yi mata kallon makami.

Shekaru suka shuɗe, kyamara ta ƙanƙance har ta shiga aljihu, fim ya maye gurbin gilashi, aka sami wani jinsin mutane waɗanda abincinsu ke nan, su bi yaƙi duk inda ya ɓarke su sayar wa jaridu abin da suka ɗauko. Mafi shahara a cikinsu, Robert Capa, nakiya ya taka ya mutu a Indocina a shekarar 1954. Waɗannan mutane sun iso yankinmu da yawa a lokacin yaƙin basasar Nijeriya, wanda aka yi daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970. A watan Yuli na 1968, watan da aka zauna a Yamai, a baƙuncin shugaba Diori Hamani, ana neman hanyar sulhu, mujallar Life ta Amurka ta fito da fuskokin yaran Biyafara masu fama da yunwa a bangonta. Don McCullin na Ingila da Gilles Caron na Faransa suka shiga yankin da aka killace suka fito da hotunan da suka girgiza Turai, jagororin Biyafara kuwa, da suka fahimci ƙarfin abin, suka ɗauki wani kamfani a Geneva mai suna Markpress ya riƙa rarraba labari da hoto a madadinsu. A nan ne duniya ta koyi darasi mai fuska biyu, cewa hoto yana iya jawo jiragen abinci da magani, kuma hoto na gaskiya, wanda babu ƙarya ko ɗaya a cikinsa, yana iya zama kayan yaƙi a hannun ɓangaren da ya iya sarrafa shi. A ɗaya gefen, Peter Obe na jaridar Daily Times ta Ikko ya bi sojojin tarayya daga fage zuwa fage, Priya Ramrakha kuma, ɗan ƙasar Kenya mai yi wa Time da Life aiki, harsashi ya same shi a wani kwanton ɓauna kusa da Owerri ranar 2 ga Oktoba 1968, ya cika kafin a kai shi wurin magani. Daga cikin likitocin Faransa da suka yi aiki a wannan yaƙi ne aka sami waɗanda suka kafa ƙungiyar likitoci ta MSF a ƙarshen 1971.

Wannan ƙungiya da irin waɗannan masu hoto su ne suka taru a Maraɗi a damanar 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa sun ɓata amfanin shekarar da ta gabata, farashin hatsi ya haura abin da talaka zai iya. Yunwa ba yaƙi ba ce, amma mutanen da suka saba da fagen fama su aka aiko, da irin idon da suka saba dubawa da shi. Rahoton Hilary Andersson ta BBC daga cibiyar kula da yara masu tamowa ta Maraɗi, cikin watan Yuli, ya yi cikin kwanaki kaɗan abin da kiraye-kirayen Majalisar Ɗinkin Duniya suka kasa yi cikin watanni, taimako ya fara kwararowa, MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar a wannan shekara. Ranar 1 ga Agusta, a Tawa, Finbarr O'Reilly na kamfanin Reuters ya ɗauki hoton yatsun wani jariri ramamme dafe da leɓen uwarsa, hoton da ya ci babbar lambar World Press Photo ta wannan shekara. Shugaba Tandja Mamadou kuwa ya musanta cewa akwai yunwa irin wadda ake faɗa, a 2006 aka janye izinin wata tawagar BBC, a 2008 aka dakatar da reshen Faransa na MSF daga aiki a Maraɗi. Ba na goyon bayan hana shaida faɗin abin da ya gani, gama rayukan da aka ceta sun fi nauyin kunyar da aka ji. Amma na fahimci zafin da ya kama mutanen wannan gari, garin alhazai da fatauci da gyaɗa da masu noman rani na Jiratawa, da suka ga duniya ba ta san su da kome ba sai da haƙarƙarin 'ya'yansu, kuma na san cewa iyayen da aka ɗauka a kan tabarmar asibiti, a sa'ar da ba su da ikon cewa a'a, ba kowacce aka tambaya ba.

Tawayen MNJ a arewa, wanda ya fara a 2007, ya nuna wani ɓangare na sana'ar, watau yadda hukuma take rufe fage. Aka sa yankin Agadas cikin dokar ta-ɓaci, aka hana 'yan jarida shiga, aka kama ɗan jarida Moussa Kaka a watan Satumba ya yi fiye da shekara a tsare, aka kama wasu Faransawa biyu masu yi wa tashar Arte aiki, Thomas Dandois da mai kyamararsa Pierre Creisson, a watan Disamba saboda sun je wurin 'yan tawaye ba da izini ba. A wannan wata ne nakiya ta tashi da mota a cikin Maraɗi da kuma Tawa, a watan Janairu na 2008 wata ta kashe Abdou Mahamane, shugaban gidan rediyon R&M, a Yamai.

Fitinar Boko Haram ita ce ta sauya hannun da yake riƙe da kyamara. Baƙo daga Turai ba ya iya yawo a Maiduguri ko Damaturu ba tare da an gane shi ba, saboda haka nauyin ya komo kan 'yan ƙasa, kuma su suka biya diyyarsa. Zakariyya Isa, mai ɗaukar hoto na gidan talabijin na NTA, an harbe shi kusa da gidansa a Maiduguri ranar 22 ga Oktoba 2011, ƙungiyar ta ce ita ta yi, tana zarginsa da kai rahotonta ga jami'an tsaro. Enenche Akogwu na Channels, ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012, ranar da bama-bamai suka tashi a Kano aka rasa rayuka fiye da 180, ya fita ya nufi inda hayaƙi yake tashi yana neman shaidu, aka harbe shi a wurin. Wajibi ne mai karatu ya auna bambancin da yake tsakanin waɗannan da takwarorinsu na waje: baƙo yana zuwa da rigar sulke da hular kwano da inshora da tikitin komawa, ya yi mako biyu ya tashi, alhali ɗan gari yana kwana a unguwar da ya ɗauka, soja a shingen bincike yana ƙwace masa kati yana ce masa ɗan leƙen asirin 'yan ta'adda, su kuma suna ce masa infoma, kowa ya san ƙofar gidansa da makarantar 'ya'yansa, sau da yawa ma shi ne direba da tafinta da ɗan jagoran baƙon, ya san wa za a gaisar da hanyar da ba a bi bayan la'asar, amma in hoto ya fito sunansa ba ya ƙarƙashinsa. Dokar duniya ta ba shi kariya a takarda, domin sashe na 79 na ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977 ya lissafa ɗan jarida cikin farar hula, ƙuduri na 1738 na Kwamitin Sulhu ya jaddada haka a 2006, an kuma keɓe ranar 2 ga Nuwamba saboda kisan Ghislaine Dupont da Claude Verlon na RFI a Kidal a 2013. Sai dai mai bindiga a bakin hanya bai karanta ko ɗaya daga cikinsu ba.

A cikin wannan fitina ne kuma shaida ta fara fitowa daga inda ba a zata ba. Hoton Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram, a raye a hannun jami'ai a ƙarshen Yuli 2009, da hoton gawarsa bayan 'yan sa'o'i, su suka rushe bayanin cewa a wurin faɗa ya mutu. Faifan da Aljazeera ta nuna a watan Fabrairu 2010, na mutanen da aka kwantar a titi aka harbe, ya fito ne daga hannun wanda yake tsaye a wurin. A Baga, cikin Janairu 2015, inda babu mai hoton da ya iya isa, ƙungiyar Amnesty ta kafa hujja da hotunan tauraron ɗan'adam waɗanda suka nuna gine-gine fiye da 3,700 da aka ƙone ko aka lalata a Baga da Doron Baga. Daga bisani Fati Abubakar, 'yar Maiduguri wadda ta karanci aikin jinya, ta ɗauki kyamara ta shiga kasuwanni da makarantu da gidajen biki, ta riƙa sa hotunan a Instagram da sunan Bits of Borno, domin ta tabbatar da cewa garin da ake yaƙi a kewayensa ana ɗinki a cikinsa, ana karatu, ana aure; wannan ma aikin fagen fama ne, kuma a ganina yana cikin mafi gaskiyarsa.

Sauƙin ɗaukar hoto ya zo da nasa bala'in. Malaman hadisi ba su karɓar matani sai da isnadi, alƙali kuma ba ya karɓar shaida sai ya san adalcin mai ba da ita, ya san yaushe ya gani, a ina, da wane hali. Hoton jarida na ƙwarai yana cika waɗannan sharuɗɗa ta 'yan layukan da ake rubutawa a ƙarƙashinsa, sunan wanda ya ɗauka da wuri da rana, da kamfanin da zai amsa tuhuma in an sami ƙarya. Hoton da yake yawo a WhatsApp da Facebook ya yar da wannan duka. Gawawwakin mutanen da gobarar tankar mai ta kashe a Sange ta ƙasar Kwango a 2010 an yi shekaru ana yaɗa su da sunan kisan addini a Nijeriya, binciken BBC na 2018 kuma ya nuna yadda hotunan da ba su da alaƙa da rikicin Filato suka hura wutar ramuwa har aka tare hanya aka kashe matafiya. Su kansu masu bindiga yanzu suna da masu ɗaukar musu hoto, suna jera makamai da kamammu a gaban waya domin su tsorata wanda bai zo hannu ba tukuna, wanda shi ne ainihin manufar hoton Kusuri da na Burmi.

Yau fagen ya matso har bakin ƙofarmu. Tun daga 2019 mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka riƙa ƙetarowa zuwa Gidan Rumji da Madarunfa suna gudun 'yan bindiga, kafin ƙarshen wannan shekara sun haura 40,000, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, hare-haren kuma suka biyo su har cikin ƙauyukanmu na bakin iyaka. Wannan yaƙi ne mai wuyar ɗauka, domin ba shi da sahu ba shi da tuta, da dare ake zuwa bisa babura, in gari ya waye mai hoto ba ya tarar da kome sai toka da garken da babu shanu da sababbin kaburbura. Hukumomi kuma, a gefen nan da wancan, sun fi son duhu: an katse layukan waya a Zamfara a watan Satumba 2021, an ci tarar Trust TV naira miliyan 5 a 2022 saboda shirin da ta yi a kan 'yan bindiga, a shekarar da Yusuf Anka, wanda ya shiga dazukan jiharsa ta Zamfara, ya fito da shirinsa na BBC, a nan Nijar an rufe RFI da France 24 a watan Agusta 2023, aka dakatar da BBC wata uku a Disamba 2024 a kan rahoton wani hari. Kowace hukuma tana da hujjarta ta tsaro, wani lokaci hujjar tana da ƙarfi, domin hoto yana iya tona wurin da soja yake ko ya ɗaukaka ɗan ta'adda. Amma wanda aka kashe masa ɗa a ƙauyen da ba a yarda an ambaci sunansa ba, an haɗa masa rashi biyu.

Akwai wani al'amari da ya rage, wanda yake hannunmu. Asalin hoton Rabe yana Turai, hotunan Maraɗi na 2005 suna ma'ajin kamfanonin da suka ɗauke su, mai son ganin fuskar kakarsa a cikinsu sai ya nemi izini ya biya. Abin da samarin Madarunfa da Ɗan Isa da Gabi suke ɗauka da wayoyinsu kuwa yana ɓacewa duk ranar da waya ta lalace ko aka sayar da ita, haka nan tsofaffin fim na masu hoton Sabon Gari zafi da gara suna cinye su a cikin kwali. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana cikin wannan gari, tana da malamai da ɗalibai masu jin harshen waɗanda abin ya shafa, kuma aikin bai fi ƙarfinta ba: a keɓe ɗaki, a karɓi kowane hoto tare da sunan wanda ya ɗauka da ƙauye da rana da shaidar mutum biyu, a nemi yardar iyalan da suke ciki, a rufe abin da sutura ta wajabta a rufe, a ɓoye sunan wanda bayyana shi zai jawo masa halaka har zuwa lokacin da aka sami aminci, sa'an nan a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, ɗaya a Maraɗi, ɗaya a Yamai, ɗaya kuma a Katsina ko Sakkwato, tun da mutanen da suke cikin hotunan na ɓangarorin iyakar ne duka biyu.